Har 'Yan Tsakin Su Yi Gashi

Ranar da motar 'yan tsaki za ta iso, aka wayi gari rumfar rainon da ke bayan gida ta yi yoyo, dusar katakon da aka shimfiɗa ta zama caɓi. Mai Kaji ya tsaya a bakin rumfar da takalmin roba, yana hango sama ta hujojin kwano. 'Yan tsakin da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba ba sa jure sanyi. In aka zuba su a nan, kafin yamma sai dai a kwashe su da shebur.

Matarsa, Malama, ta leƙo da jaka a kafaɗa, za ta tafi makarantar da take koyarwa.

"To yanzu ina za ka sa su?"

Idonsa ya riga ya sauka a kan ɗakin da ke kusa da kicin, mai silin, mai ƙofar da ke rufuwa ruf, wanda rana ke shiga ta tagarsa da hantsi. Ɗakin kakarsa ne, mahaifiyar babansa, wadda ta raine shi. Malama ta bi idonsa da kallo, ta gane, ta gyara jakarta.

"Ni dai ba da bakina ba," ta ce, ta fice.

Ya tarar da Kaka a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa.

"Amarya, an tashi lafiya?"

"Ina lafiya ga matar da mijinta ya fi son kaji a kanta?" ta ce. "Ko turare ba ka saya mini, sai warin tsuntsaye kake shigo mini da shi."

Haka suke tun yana yaro. Ita ta kira shi miji, shi ya kira ta amarya, su yi ta tsiya har wanda ya gaji ya gudu. Shi ya sa maganar ta zo masa da sauƙi. Ya sa ta cikin wasa, ya ce baƙi zai yi, aron ɗaki yake nema.

"Har su yi gashi kawai, Kaka. Da sun yi gashi zan fitar da su fili, ki dawo ɗakinki."

Ta dubi akwatinta, ta dubi ƙusar da take rataye mayafi.

"Ni kuma ina za ka kai ni?"

"Sito. An gyara shi tsaf."

Ba a gyara ba. Siton yana can ƙarshen gida, daf da ƙofar fita fili, kuma a nan ake jibge buhunan kashin kaji. Sana'ar Mai Kaji ke nan: manyan kajinsa a fili suke, cikin kejin waya marasa ƙasa, kullum da safe a ja su gaba zuwa sabuwar ciyawa, kashin da suka bari ya zama taki. Wanda aka kwaso daga wurin raino kuwa sai a busar da shi, a ɗura a buhu, a ajiye a sito, daga baya a watsa a ƙasan fili inda yake yankan ciyawa yana sayar wa masu shanun madara. Duk unguwar babu ciyawa kamar tasa, kore shar, har masu wucewa kan tsaya su kalla.

Ya ture buhunan gefe guda, ya rataya tamfol a tsakani, ya yi shara. Shi da kansa ya ɗauko gadonta a ka. Da Kaka ta shigo tana dogara sanda, ta ja hanci, ta ce, "Ah, to ga turaren amarcin ya samu."

Ya yi dariya da ƙarfi, fiye da yadda maganar ta kai.

'Yan tsaki suka yi gashi, aka fitar da su fili. Kaka ta naɗe tabarmar sallarta ta ɗora a kan akwati, ta zauna tana jira. Amma Mai Kaji ya riga ya yi odar wani zubin.

"Ɗakin ya ɗauki wari, Kaka. Sai an wanke an yi fenti. Bari wannan zubin ya fita, a yi aikin gaba ɗaya."

"To, maigida. Mu da muke cin arziki, me za mu ce?"

Ya sayo kwanon da zai gyara rumfar raino, da gaske ya sayo. Sai dai a satin wani keji ya karye, kaji kuma sun ƙaru, kwanon ya tafi can. Ya ce wa kansa ai abin da aka samu daga sabon kejin shi zai gyara rumfar. Yana faɗa yana jin yadda maganar ba ta zauna ba, kamar tukunya a kan dutse biyu.

Kaka tana da 'yan kajinta na gida, wata baƙa mai tukku da 'ya'yanta, da wani zakara gurgu. Su ne abokan hirarta. Da hantsi sukan taru a ƙofar sito ta watsa musu ragowar abinci tana yi musu faɗa. Da aka ce ciwon kaji ya shigo unguwa, Mai Kaji ya sa su a kwando ya kai kasuwa. Sai da ya dawo ya gaya mata.

"Kajin gida su ke yawo su kwaso ciwo. In ya shiga fili, mun kaɗe."

"Har gurgun?" ta ce. "Shi da ko zaure ba ya kaiwa?"

Ya ce zai saya mata wasu in abin ya lafa. Ta gyaɗa kai, ta kakkaɓe ɗan kwanon da take zuba musu ruwa, ta kife shi.

Sai kuma ya sa doka: ba mai shigowa gidan daga waje sai da dalili. Wata tsohuwar ungozoma, ƙawar Kaka, ta saba zuwa su wuni suna hirar mutanen da suka rigaye su. Ta zo ta tarar da shi a bakin ƙofa.

"Inna, ki yi haƙuri, ai kina kiwon agwagi. A takalminki ma ciwon zai iya biyo ki."

"To in cire takalmin."

"Ba a nan take ba. Likita ne ya hana. Ki bari abin ya wuce."

Tsohuwar ta dube shi daga sama har ƙasa, ta miƙa masa ƙullin da ta kawo wa ƙawarta, ta juya. Ya daɗe yana kallon bayanta. Da ya kai wa Kaka ƙullin, ya ce ungozoma ce ta aiko, tana sauri ne.

In rana ta take, kwanon sito yakan yi zafi, buhunan su fara fitar da wani wari mai hawa ka, mai sa ido ruwa. Kaka takan ja jiki ta fita fili, ta zauna a gindin bishiyar da ke bakin shinge. Wata rana shirwa ta kawo sura a kan matasan kajin da aka saki suna kiwo, Kaka ta daka mata tsawa ta gudu. Washegari Mai Kaji ya kawo mata tsohon gwangwani da guntun ƙarfe.

"Tunda dai kina zaune, amarya, in kin ga inuwarta ki buga."

"Yau kuma gadi aka ba ni? Nawa ne albashin?"

"Ƙwai biyu da shayi."

Suka yi dariya. Daga ranar ya zama aikinta. In ta makara, sai ya leƙa sito ya ce, "Kaka, an saki kaji fa." In maƙwabta sun hango ta ta saman shinge suka tambaya, ya ce iska take sha, likitoci ma sun ce zaman ɗaki ba shi da kyau ga tsoho.

Tari ya fara kama Kaka a hankali, irin wanda ake cewa na sanyi ne. Idanunta suka yi ja, kullum da kwantsa. Ƙwarƙwatar kaji ta shiga katifarta, ta sosa hannuwanta har suka yi sawu. Mai Kaji yana gani. Ba wai ba ya gani ba ne. Ya koyi wucewa ta ƙofar sito da sauri, waya a kunne ko da ba kowa a layin. Ya riƙa sayo mata abubuwa: madarar gwangwani, sabon bargo, maganin tari mai zaƙi. Kowanne ya ajiye, sai ya ɗan sami numfashi na yini guda. Da ya zauna cin abinci ya jiyo tarin daga ƙarshen gida, sai ya ƙara sautin rediyo.

Malama ma ta daina shiga. Takan ajiye kwanon abinci a bakin ƙofa ta yi sallama daga waje.

"Warin nan bin kaya yake," ta ce wa mijinta. "Yara a aji har toshe hanci suke."

"Ke ko sau ɗaya ba ki ce a mayar da ita ɗakinta ba."

"Kakata ce? Ni na ɗauki gadon? Kuma in an mayar da ita, 'yan tsakin a kan gadonmu za ka zuba su?" Sannan ta sassauta murya. "Tsufa ne kawai. Wane tsoho ne ba ya tari da damina?"

Ya karɓi maganar hannu biyu, don ita yake nema.

Gwaggo, ƙanwar babansa, ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Kaka, kuma aure ya kai ta nesa. In ta kira, Mai Kaji yakan kai wa Kaka wayar a gindin bishiya, ya tsaya a kanta.

"Inna, wannan tarin fa?"

"Ba komai, ruwa na sha ya sarƙe ni. Mijina yana kula da ni, jiya ma bargo ya sayo mini."

Tana faɗa tana kallon ciyawa, ba ta kallonsa. Shi kuma ya karɓi wayar ya ce, "Gwaggo, kin ji dai da kunnenki."

Ana tsakiyar damina, sabon zubin 'yan tsaki ya fara atishawa. A ranar ya kira likitan dabbobi. Likitan ya zagaya bayan ɗakin da suke ciki, ya ga tarin jiƙaƙƙen kashin da aka kwaso aka zube a ƙarƙashin taga.

"Ga ciwonka nan. Tururin wannan abin ƙona huhu yake. Ka kwashe shi yau, ba gobe ba."

Fili ya jiƙe, baro ba zai shiga ba, ga hadari ya sake haɗowa. Mai Kaji ya ɗura kashin a buhuna, ɗanye, yana ɗiga, ya riƙa jido su zuwa sito. Da gefen buhuna ya cika, ya matsar da tamfol ɗin ya ci wani yanki na wajen Kaka. Tana zaune a kan gado, ta ɗauke ƙafafunta don ya wuce.

"Da an yi rana zan kwashe," ya ce, bai ɗago ba.

Ta buɗe baki za ta yi tsiya, tari ya ƙwace maganar.

'Yan tsaki suka warware. Likitan ya dawo dubiya da wata safiya, ya yaba, sannan ya ce a nuna masa inda aka kai kashin. Mai Kaji ya so ya kauce, likitan ya riga ya nufi sito. Yana tura ƙofa ya ja da baya, ya toshe hanci da gefen rigarsa. Sai ya hango ƙafar gado ta ƙasan tamfol, ya kuma ji tari.

"Subhanallahi! Mutum ne a ciki?"

Mai Kaji ya dubi likitan, mutumin da ke kawo masa masu saye, wanda ke ba da misali da gonarsa a taron masu kiwo. Maganar ta fita tun kafin ya auna ta.

"Wata tsohuwa ce da ke taya mu korar shirwa. Takan ɗan kishingiɗa ne a nan."

Tarin ya tsaya cak.

"Ko wace ce, ka fitar da ita," in ji likitan. "Ni ko kaza ba zan yarda ta wuni a nan ba. Ba ta da dangi ne?"

Mai Kaji ya ce zai duba. Ya raka shi har mota, ya tsaya a waje ya rasa ƙafar komawa. Da ya daure ya shiga, ya tarar da ita ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki gwangwaninta.

"Amarya, yau ki huta mana."

"An saki kaji," ta ce. "Sannu da aiki."

Ta raɓa shi ta wuce. Ya tsaya a cikin warin, idonsa na ruwa, ya rantse a ransa ranar da wannan zubin ya yi gashi, ko me za a yi, sai ta koma ɗakinta. Saura kaɗan ai. Har a lokacin, saura kaɗan ya ce.

Ba a kai ga hakan ba. Yana can ƙasan fili yana watsa taki da rana tsaka, ya ji kaji sun tarwatse da kuka, ya ɗaga kai ya ga shirwa ta tashi da ɗaya a ƙafa. Gwangwani bai yi ƙara ba. Abin da ya fara zuwa masa haushi ne. Ya jefar da shebur ya nufi bishiyar yana shirya faɗan da zai yi. Ya tarar da ita ta zame daga jikin itacen, kanta a ƙasa, bakinta a buɗe tana jan iska da wani sauti kamar ana zuƙe ruwa da tsinke. Leɓɓanta sun canja launi.

Ya sunkuce ta. Rabonsa da ya taɓa jikinta an daɗe. Ba ta fi damin busasshiyar ciyawa nauyi ba, kuma warin da ke tashi daga zanenta warin sitonsa ne.

A asibiti aka sa mata abin numfashi a hanci da baki. Wata nas ta zo tana tambayoyi, ta juyo gare shi.

"Kai ɗanta ne ko jikanta?"

Kafin ya buɗe baki, Kaka ta ɗaga hannu ta janye abin daga fuskarta.

"A'a, 'yar nan," ta ce da ƙyar. "Aiki nake yi masa."

Nas ɗin ta dubi hannuwan da suka sha susa, ta dubi agogon da ke hannunsa. Ta ɗaure fuska.

"To malam, sai ka taimaka ka kira mana danginta."

Ya fita baranda ya jingina da bango. Ya so ya koma ya ce ƙarya ne, wannan matar ita ta goye shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa. Amma wa ya fara ƙaryar? Ya ciro waya ya kira Gwaggo.

Gwaggo ta iso washegari. Likita ya gaya musu huhun ya ƙone da daɗewa, za a iya lallaɓa shi, amma ba zai koma kamar da ba. Gwaggo ta ce Mai Kaji ya kai ta gida ta ɗebo wa Kaka kayan sawa. Suna shiga ta nufi ɗakin kusa da kicin, ta tura ƙofa. Ɗumi ya buso ta, 'yan tsaki fal a ƙasa suna tsiyau-tsiyau a kewayen murhun gawayi, tagar an lulluɓe ta da kyau don kada iska ta taɓa su. Ta juyo ta dube shi. Malama ta shige kicin ta rufo ƙofa.

Ya wuce gaba, ta bi shi har sito. Ba ta toshe hanci ba. Ta ɗaga tamfol, ta zauna a kan gadon, ta shafa bargon, ta dubi gwangwanayen madarar da ke jere ba a fasa ba. Ya jira ta yi ihu, ta zage shi, ta tsine masa. Da ta yi, da ya ji sauƙi.

"Wa ya kawo gadon nan?" ta ce.

"Ni ne, Gwaggo."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"To ɗauke shi da hannunka ka kai mota."

A satin ya gyara rumfar raino. Aikin bai ci masa yini biyu ba, shi da kafinta ɗaya. Wannan ya fi komai cin ransa. Ya wanke ɗakin Kaka da magani, ya yi fenti, ya sa sabon labule. Da aka sallame ta ya durƙusa a gaban gadon asibiti ya roƙe ta ta dawo, ya nemi gafara yana kuka kamar yaro.

"Na yafe maka," ta ce. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Amma motar Gwaggo ta shiga.

Babu wanda ya taɓa ɗaga wa tsohuwar nan hannu. Ba a hana ta abinci ba, ba a zage ta ba. In ka tambayi maƙwabta za su ce jikanta ya riƙe ta da kyau, kuma har yau wasu na sa masa albarka a hanya, yana amsawa da kai a ƙasa. Ɗaki kawai aka ara, sai kaji, sai ƙawa, sai iskar da take shaƙa, kowanne da dalilinsa mai kyau, kowanne na ɗan lokaci. Irin wannan ba ya kai ƙara gaban kowa, don wanda ake yi wa shi ne ke rufa wa mai yi asiri.

Bayan an ɗauke ruwa ya shirya ya je gaishe ta. Gidan Gwaggo ɗaki biyu ne a cikin layi mai hayaniya, ba fili, ba ciyawa. An sa gadon Kaka a jikin taga. Ta ɗan yi kumari, amma ko daga gado zuwa ƙofa sai ta tsaya ta huta. Ya yi sallama ya ajiye kiret ɗin ƙwai da ya kawo, ya tattaro duk ƙarfin halinsa.

"Amarya, yaji aka yi mini ke nan? Na zo biko."

Kaka ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta gyara zama.

"Sannu da zuwa. An zo lafiya? Ya iyali? Ya Malama?"

Ya amsa. Ta tambayi kaji, ta tambayi ciyawa, ta yi addu'a Allah ya ƙara buɗi. Duk da ladabi, duk a tsare. Ya sake gwada wata tsiyar, a kan haƙoranta, irin wadda da sai ta jefe shi da takalmi. Ta yi murmushi kaɗan ta ce, "Haka ne."

Ya bi Gwaggo tsakar gida.

"Gwaggo, ko dai ciwon ya taɓa mata tunani? Kamar ba ta gane ni ba."

Gwaggo na wanke kofi, ba ta juyo ba.

"Ta gane ka sarai. Jiya ma sai da ta sa jikokina dariya har suka faɗi."

Daga cikin ɗaki muryar Kaka ta fito, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Ke, ki kawo wa baƙon nan ruwa mana. Ya sha hanya."